Ya naɗa wa mai gadin ƙofa rawanin sarki, wai don ya fi kwarjini

Tun da na saka hoton jiminar nan mai sulke mutane ke ta tambayata yadda muka ƙare da mai zanen da na ba aikin tufafin wasanmu na waya, wasu ma lambarsa suke nema. Lamba ba zan bayar ba, suna ma ba zan kama ba, yaro ne mai neman na kansa kuma Bauchi kowa ya san kowa. Amma abin da ya faru zan faɗa, don wanda zai kai masa irin aikina ya san inda ya dosa.

Hannu kam Allah ya ba shi, babu jayayya. Kuɗi kuma kun san yadda masu zanen kwamfuta ke yi yanzu, rabi kafin a fara, rabi in an gama, ban ma tsaya dogon ciniki ba. Abin da ya ƙona min rai rawani ne.

Ga wanda bai bi zancen tun farko ba, ni da abokaina muna haɗa wasan waya ne da Godot, manhajar haɗa wasanni. Daula ce ta ƙage a kan duwatsu, irin waɗanda suka zagaye garin nan amma har cikin gajimare, masu mulkinta gidaje ne na gado da suka ƙulla amana da aljanun dutse, jiminai suke hawa maimakon dawaki. Babu yaƙi sosai a ciki, duk siyasar fada ce. Kana shiga a matsayin bara a gidan wani basarake, kana hawa a hankali, kuma dole da ido za ka gane wa za ka faɗi ka gaisar, wa za ka ɗaga wa hannu kawai, wa za ka wuce. Ka zube wa wanda bai kai ba, a yi maka dariya, darajarka ta ragu. Ka wuce wanda ya kai, a kore ka daga fada. Wato tufafin su ne wasan. Duk wannan na rubuta wa mai zanen, na kuma maimaita a saƙon murya.

Da zanen farko ya iso, gaskiya na yi ta kallo ina jin daɗi, launi ya zauna, inuwa ta zauna. Sai na fara ƙirga kunnuwa. Sarki da rawani mai kunne biyu, daidai. Waziri da kunne biyu. Attajirin kasuwa da kunne biyu, har da alkyabba ta zubo masa. Mai gadin ƙofar fada, da kulki a hannu, shi ma kunne biyu, nasa ma sun fi na sarkin tsayi, ga amawali ya rufe masa baki.

Kawuna ya daɗe yana hawa a tawagar wani hakimi, kuma duk Sallah samarin unguwa wurinsa suke layi ya naɗa musu rawani. Na miƙa masa wayar ban ce komai ba. Ya nisantar da ita daga idonsa, ya matso da ita, ya daɗe a kan mai gadin.

“Wannan wane sarki ne aka tsayar a bakin ƙofa da kulki? Tuɓe shi aka yi?”

Na ce, “Kawu, mai gadi ne.”

“To wanda ya naɗa masa ya gode Allah a waya ya yi. Da a fada ne, kafin ya soke bakin rawanin dogarai sun warware shi.”

Na kira mai zanen. Amsarsa ita ce har yau ban huce da ita ba. “Oga, ai duniyar ƙage ce, ba Bauchi ba ce. Kunnuwan suna ba su kwarjini ne, in na cire sai su zama kamar kowa.” Ai abin da nake so ke nan! Mai gadi ya zama kamar kowa! Wane ne ya ce masa don ƙasa ta ƙage ce sai ta zama babu doka? Ƙasar da ke da jimina mai sulke ma sai ta fi buƙatar doka, don mai wasa ba shi da abin da zai kama sai abin da ka tsara masa. Kuma a wurare da yawa da aka yi mulkin gado a duniya, cikin abubuwan da masu mulki ke tsarewa akwai wa ya isa ya sa me. A Ingila a 1363 doka aka yi sukutum da ta ƙayyade irin yadin da bara zai sa, da na mai sana'a, da na masu muƙami, har da farashin da ba za su wuce ba. A ƙasar Sin zamanin daular Qing ma'aikatan sarki aji tara ne, kowa da tambarinsa a ƙirji, na farar hula tsuntsu, na soja dabba, akwai kuma ruwan ɗorawa mai haske da aka keɓe wa sarki da na kusa da shi ƙwarai. Ka hango mutum daga nesa ka san matsayinsa kafin ya buɗe baki.

Ban ma so in tafi nesa da shi ba, don abin yana ƙofar gidansa. Yaron da aka haifa a garin da Malam Yakubu ya kafa tun 1809, wanda ya sha tsayuwa cikin rana kallon hawan Sallah da hawan Daushe, a ce sai na karanto masa Ingila? Alkyabba ba rigar sanyi ba ce, yafa wa mutum ake yi ranar naɗi, a gaban jama'a, kowa ya shaida. Kunne biyu ba ado ba ne da kowa zai fitar don ya ga dama, na sarki ne da jinin gidan. Dogari an san shi da ja da kore, ɗan lifidi da kwalkwalinsa, laima kuma mutum ɗaya take bi a duk filin. A Kano takalmin gashin jimina da tagwayen masu sun isa su gaya maka wa ke tafe ko da ba a busa kakaki ba. Ba cewa na yi ya kwafo waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba, ni ma ba na son wasan ya zama hoton wata masarauta mai rai. Cewa na yi ya kwafo tsarin: abu kaza na mutum ɗaya ne, abu kaza na gida ɗaya, abu kaza na kowa. Shi kuwa ya kwashe kayan manya kaf ya raba wa gari kamar zakkar fid da kai.

Mun yi kwanaki ba ma magana mai daɗi. Har na fara neman wani.

Sai ya turo wani abu da ya sa na sassauta, kuma adalci ne in faɗa. Ni na nace sai an ga aikin wuya a kan kowace babbar riga, aska takwas ga manyan gidaje, aska biyu ga na ƙasa da su, tambarin nan mai zagaye a ƙirjin dama da baya, har dagi na so a gani. Bai yi musu ba, ya zana, sannan ya ƙanƙantar da mutumin zuwa girman da zai fito a allon waya, wanda bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, ya ce in ƙirga askar. Babu abin ƙirgawa, duk ta dunƙule ta zama tabo guda. Ya ce a allo irin wannan ido ba ya karanta zare, siffa yake karantawa da launi. Ya cika mutanen da baƙi ƙirin ya jera su, ya ce in dai ba a gane babba da ƙarami a haka ba, zanen bai yi ba. Daga nan ya sake tsari: faɗin riga yana ƙaruwa da girman gida, bara hannun rigarsa a matse, basarake sai ya riƙa tattara hannun riga yana azawa a kafaɗa, sarki kuwa yara biyu ke riƙe masa gefen alkyabba. Motsin tattara rigar nan da ya yi, na maimaita shi ban san adadi ba. Ya kamo yangar da ke cikinsa, yadda hannu ke tashi a hankali kamar mai shi ba ya gaggawar komai a duniya.

Sai maganar shuni, wadda ita ce ta sa na kira shi da daddare ina yi masa kirari. Na ba shi jerin yadukanmu na da don ya samu abin dubawa: saƙi mai zanen zabuwa, barage mai ratsin alharinin da fatake ke ƙetaro Sahara da shi, tsamiya mai launin ƙasa-ƙasa da ake samu daga saƙar tsutsa, da kore da rawani ɗan Kura, waɗanda ake tsomawa a baba har su yi baƙi, a kai mabuga a buge su da ƙarin shuni har su riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Irin kayan da Baturen nan matafiyi Barth ya tarar ana fitarwa daga Kano a 1851 har Timbuktu da Tarabulus. Mai zanen kuma ya tsaya a kan abu guda: irin wannan rini yana zuba a jiki, shi ya sa kake ganin fuskar wasu Buzaye da shuɗi-shuɗi. Ya ce to a daular wasan, gidan da ya fi kowa ne kaɗai ke da ikon sa bugaggen shuni, kuma tabon shuɗin da ke wuyansu da yatsunsu shi ne shaidar asali. Ko sun tuɓe kaya sun ɓad da kama, tabon zai tona su. Masu son a ce da su wasu ne kuma sai su riƙa shafa shuni a ɓoye, amma nasu ruwan sama na wanke shi. A take abokina mai rubuta labarin ya fitar da babi guda daga wannan tunanin. Ban biya mai zanen kuɗin wannan ba, daga kansa ya fito. A daren nan da an tambaye ni, cewa zan yi babu kamarsa a jihar nan.

To amma da muka ɗora zanen a cikin wasan sai wata ta ɓullo. Duk mutanen ya zana su suna kallon dama. In mutum zai juya hagu, manhaja juya hoton kawai take yi kamar a madubi, haka aka saba don rage aiki. Ga riga mai daidai gefe da gefe babu matsala. Babbar riga kuwa ba haka take ba, aljihu da aska a hagu suke. A fagen hira, inda ake kusanto da mutum a ga aikin wuyansa sosai, sai ka ga basarake ya juya aljihunsa ya yi tsalle ya koma dama, hamilar takobinsa ma ta sauya kafaɗa. Wani zai ce wa zai lura. Ƙanena da ko hula ba ya sawa sai ranar Juma'a, kallo ɗaya ya yi ya ce rigar a bai-bai take. Na ce wa mai zanen ya zano na hagu, ya ce wannan sabon aiki ne, sabon kuɗi. Mutumin da ya san allon waya har ya koya min, a ce bai san za a juya hoto ba? Ya sani sarai. Shiru ya yi don a dawo masa.

Na ce to ba ni fayil ɗin asali, wanda rawani yake daban, riga daban, aiki daban, mu gyara da kanmu. Ya turo shi a haɗe, an narkar da komai wuri guda, wai na asalin yana cikin wata kwamfutar da ta mutu. Daga nan kuma kullum babu wuta, ko data ta ƙare, ko an yi rasuwa a unguwa. Kuma kun san me? Mai gadin nan, bayan duk hayaniyar da muka yi, kunne ɗaya kawai ya goge masa. Ɗaya! Kamar ciniki muke yi, na taya ya rage. Da hannuna na goge ɗayan, ni da ban iya zana ko da'ira ba, yanzu kan mai gadin ya ɗan karkace.

Kayan matan fada ba na ma son tayar da zancen. Uwar sarki, wadda a labarin ita ce ke riƙe da amanar aljanun, kowa na tsoronta, ya sa mata wata matsattsiyar riga ta ƙarfe kafaɗa a waje, irin ta wasannin ƙetare. Babu zane, babu mayafi, babu ɗaurin kai, babu lalle, babu murjani ko ɗaya a wuya. Dattijuwar da ya kamata nauyin kayanta kaɗai ya sa a yi shiru in ta shigo. A nan ko tunanin shunin nan nasa bai bi ta kai ba, ka ga alamar ya gaji da aikin, ya ɗauko abin da hannunsa ya saba ya manna.

In duwatsu kake so, ko aljanu, ko dabbobin da babu su, kai masa, za ka ji daɗi, jiminar nan har gobe ina alfahari da ita. In kayan sarauta ne, rubuta masa wa zai sa me a takarda, mutum-mutum, ku sa hannu, ka kuma sa sharaɗin gefe biyu da fayil ɗin asali kafin ka tura ko sisi. Ragowar kuɗinsa na nan a hannuna, ranar da na ga zanen hagu ranar zai ga saƙon banki. Uwar sarki kuwa na cire ta daga hannunsa gaba ɗaya. In akwai wadda ta iya zanen kwamfuta a Bauchi ko Gombe, wadda ta san bambancin ɗaurin amarya da na uwargida, ta yi min magana, aikin na nan.