Kafin Ka Ba Kafinta Kuɗin Bencin Aji

Yaron da ƙafarsa ke lilo ba ta taɓa ƙasa, ba ya yin minti goma sai ya fara mutsu-mutsu. Malami ya ce ba ya jin magana, alhali bencin ne ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa duk mai makaranta ko ɗan kwamitin iyaye da aka ɗora wa sayen kayan zama, ina roƙonsa ya daina kallon benci a matsayin abin da za a cike aji da shi kawai.

A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2015, masu bincike na Jami'ar Salford da ke Ingila, ƙarƙashin Farfesa Peter Barrett, sun duba ajujuwa 153 a makarantun firamare 27, suka gano tsarin aji yana da hannu a kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban yara a shekara guda. Haske da iska da yanayin zafi su ne suka ɗauki kusan rabin wannan kason. Saboda haka idan ajinka ba silin, kwano na gasa yara a watan Afrilu, taga ɗaya ce ita ma a toshe, fara da can tukuna.

Kujerar roba ba ta aji ba ce. Rana ta busar da ita, yaro ya jingina baya, ƙafa ta tsage. Dogon benci mai cin yara biyar yana da araha, amma da ɗaya ya goge rubutu duk sauran hannunsu ya karkace. Kujera mai hannun rubutu a gefe ta manya ce, kuma tana zaluntar bahago. Ga 'yan ƙanana kuwa, tabarma mai tsabta ta fi mugun benci.

Abin da nake saya, nake kuma ba kowa shawara, shi ne benci mai cin mutum biyu, haɗe da teburinsa, ƙafafun ƙarfe, sama katako. Gara ba ta cin ƙarfe, kuma ita ce ke gama da bencin katako zalla tun daga ƙafa. Yara biyu manya suna iya ɗaga shi, don haka malama za ta iya haɗa huɗu su fuskanci juna ranar aikin rukuni, gobe ta mayar da su layi. In falanki ya fashe, noti huɗu za a kwance a sa wani, ƙarfen yana nan. A ce wa mai walda ya sa majingina, ya sa ɗan kanta a ƙarƙashin tebur don jaka, kada littafi ya kwana a ƙasa. Tsarin ilimi na Nijeriya ya ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, wato benci 18 ke nan, kuma a bar hanya a tsakiya da malami zai kai ga yaron da ke can ƙurya.

Kada a yi wa makaranta duka awo ɗaya. Ma'aunin da ake bi a Turai ya ba ƙananan yara mazauni mai tsayin santimita 31 da tebur 53, na tsakiya 35 da 59, masu tasowa 38 da 64. In ba tef a hannu, ɗauko yaro daga ajin ka zaunar da shi: tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, gwiwar hannu ta hau tebur ba tare da ya ɗaga kafaɗa ba.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Na taɓa ba wani kafinta aikin benci, ya kawo su suna sheƙi, fenti ruwan ƙasa har ido ya ƙoshi. Na biya ciko a ranar. Hunturu na shigowa falankan suka fara banƙarewa, tsakiya ta tsage har biro na faɗawa ciki, ƙusoshi suka ɗago kai. Wata yarinya 'yar aji uku ƙusa ta kama hijabinta ta yage, ta karce mata cinya. Mahaifiyarta ta zo ta ce da ni, "Malam, amana muka ba ku." Har yau ina jin nauyin maganar nan. Ɗanyen katako ya yi aikin da shi, ya rufe da fenti.

Tun daga nan ban ƙara karɓar benci da fenti a jikinsa ba. Ina zuwa in gani tsirara. Fenti shi ne mayafin ha'inci a sana'ar nan: da shi ake rufe ɗanyen katako, da ramin ƙwaro da aka cike da garin katako, da tsatsa. Za a ce maka madaci ne, a shafa wa farin katako mai taushi ja. Danna farcenka a gefen falankin. In ya nutse, ba madaci ba ne. Duba ƙarƙashi, in ka ga gari mai laushi yana zuba, ƙwaro na ciki. Akwai kuma allon garin katako da aka matse aka liƙa masa leda mai sheƙi. A shago ya fi kowanne kyau, amma damina ɗaya ruwan taga ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi.

A ɓangaren ƙarfe ma haka. Samfurin da za a nuna maka mai kauri ne, sauran a yi da mai shara-shara. Ɗaga samfurin ka ji nauyinsa, ka ajiye shi a ofishinka, ranar karɓa ka ɗaga na tsakiyar mota ka gwada. Duba walda ko ta zagaye mahaɗar, domin wasu ɗigo biyu suke yi su shafe da fenti. Shafa hannunka a kowace kusurwa, duk inda ya karce ka zai yanki yaro. Bakin ƙafafun kuma a toshe da roba, in ba haka ba ƙarar jansu a siminti kaɗai ta isa ta cinye darasi.

In kana Kano, ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka zaɓi falankinka da kanka, ƙarfe kuma Ƙofar Ruwa. Mutanen Kaduna suna da kasuwar Panteka. Sayi katakon tun kafin hutu ka jera shi a inuwa ya sha iska, kafinta kuɗin hannu kawai za ka ba shi. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, sauran sai yara sun yi mako biyu a kai.