Kamfani Ya Cuce Ka? Yadda Za Ka Zaɓi Lauyan da Zai Ƙwato Maka Haƙƙinka

Kafin ka nemi lauya, auna girman asarar. Idan an sayar maka da kaya mai aibi kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuɗin shari'a zai iya cinye abin da kake nema. A irin wannan, fara da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda galibi ba ta karɓar ko sisi kan ƙorafi, ko kotun ƙananan ƙararraki, inda mutum ke iya tsaya wa kansa. Sai dai hukuma tana da jinkiri, ita kuma kotun tana da iyakar kuɗin da za ta iya yanke hukunci a kai.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane da yawa ba su sani ba: ka biya lauya ya rubuta wa kamfanin wasiƙar gargaɗi kawai, mai ɗauke da abin da ya faru, abin da kake nema, da wa'adi, misali kwana 14. Sau da yawa maganar a nan take mutuwa, domin kamfani ya fi son ya maido da kuɗi da ya shiga kotu.

Idan asarar babba ce, kamar mota, gida, inshora, bashin banki, ko kayan da suka ji wa mutum rauni, to lauya ya zama dole. Wanda ke karɓar kowace irin shari'a ya fi sauƙin samu, amma wanda ya saba da wannan fanni shi ya san inda kamfanoni ke ɓuya a cikin yarjejeniya, kamar sharaɗin da ke tilasta zuwa wurin mai sasantawa maimakon kotu. Tambaye shi kai tsaye: irin wannan ƙarar guda nawa ka yi, nawa suka ƙare da sulhu? Kana yi wa wannan kamfani aiki, ko ka taɓa yi? Tambayar ƙarshen nan kada ka ji nauyinta. Sannan ka tabbatar da rajistarsa a ƙungiyar lauyoyi.

Batun biya shi ne inda aka fi yin kuka. Biyan awa-awa ya dace da shawara ta ɗan lokaci, amma idan shari'a ta ja, kuɗin ba shi da ƙarshe, don haka a sa masa iyaka. Farashin dunƙule ya fi kwanciyar hankali, matuƙar an fayyace ko ya haɗa da ɗaukaka ƙara. Sai biya da kaso daga diyya, a ƙasashen da doka ta yarda da shi: ba kafin alƙalami, amma ka lura da lissafin. A ce diyya 100 ce, kuɗin kotu da na shaidu 20, kason lauya kashi 30. In ya cire nasa tun farko, 50 za ka samu. In sai an cire ɗawainiya tukuna, 56 ne. Kalma ɗaya a takarda ce ke raba biyun.

Ka kuma tambayi wa zai biya idan aka faɗi. A Ingila wanda ya sha kaye yakan ɗauki kuɗin shari'ar abokin hamayya, a Amurka kuwa galibi kowa nasa yake biya.

Lauyan da ya ce maka nasara tabbas ce tun bai ga takarda ko ɗaya ba, ko ya ƙi rubuta yarjejeniya, tashi ka ba shi wuri.

Ranar zaman farko ka je da rasidi, takardar garanti, hotuna, saƙonnin da kuka yi musaya, da jerin abin da ya faru kwanan wata bi da bi. Kada ka kai kayan wurin wani mai gyara, domin buɗe su na iya kashe garantin, ya kuma ɓata hujjarka. Galibin ƙararraki suna da wa'adin shigarwa, wanda in ya wuce kotu na iya ƙin sauraronka komai gaskiyarka, saboda haka ka sa lauyan ya rubuta maka ranar da naka zai cika.