Ash da Shaun: jarumai biyu marasa kamala a finafinan ban tsoro masu ban dariya

A fim ɗin Evil Dead II na Sam Raimi, wanda ya fito a Amurka a 1987, Bruce Campbell ne Ash, mutumin da aljani ya shiga hannunsa har hannun ya riƙa farfasa masa faranti a ka, daga ƙarshe ya datse shi da injin yankan katako, ya ɗaura injin a dungulmin. Jinin da ake kwararawa ya wuce ƙima, har launi yake sauyawa, shi ya sa dariya ke ƙwace wa mai kallo a daidai inda ya kamata tsigar jikinsa ta tashi.

Shi kuwa Shaun, a Shaun of the Dead na Edgar Wright da ya fito a Birtaniya a 2004, ma'aikacin shagon kayan lantarki ne a Landan, malalacin da budurwarsa ta gaji da shi, wanda da matattu suka tashi suna cin mutane, duk dabararsa ita ce shi da mutanensa su fake a mashaya. Sai dai a nan mutuwa tana da nauyi, domin dole ta sa ya harbe mahaifiyarsa bayan ta rikiɗe ta zama ɗaya daga cikin matattun nan masu cin mutane. A ganina Ash ya fi sa dariya, amma Shaun ne ake tausayawa.