Tukunyar dalma ko ta ƙasa?

A kasuwannin Bauchi tukunyar dalma, wato ta alminiyam, ita ce mai farin jini: ba ta fashewa, nan da nan ruwa ya tafasa. Matsalar tana wurin narka. Maƙera kan haɗa gwangwanaye da tarkacen injin mota, wani lokaci gubar dalma ta ainihi (lead) ta biyo. Miya mai tsami, irin ta yakuwa, ta fi jawo gubar cikin abinci, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa.

Ta ƙasa, wadda ba a shafa wa fenti ba, babu wannan fargaba. Sai dai cin itace, ga fashewa; ta farkon da na saya, akuya ce ta ture ta. Duk da haka a cikinta nake miyar yakuwa, ta dalmar na bar wa ruwan wanka.