Rana ɗaya a Bali: Sekumpul ko Tukad Cepung da ƙauyen Penglipuran?

Hajiya, kun ce kuna da rana ɗaya tak da za ku fita daga garin Ubud da ke tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya tare da mahaifiyarku, kuma an ba ku zaɓi tsakanin tafiya biyu da kowacce ta haɗa magangarar ruwa da ziyarar ƙauye. A takarda sun yi kama da juna, amma a ƙasa ba haka ba ne.

Magangarar Sekumpul tana arewacin tsibirin, a yankin Buleleng, kuma daga Ubud sai an shafe fiye da sa'a biyu a mota kan hanyar duwatsu mai yawan kwana. Ruwan yana zubowa daga tsawon kimanin mita 80, reshe-reshe, a cikin kwari mai duhun itatuwa. Kafin a kai gindinsa sai an sauka ɗaruruwan matakala, an tsallaka rafi da ƙafa a kan duwatsu masu santsi, sannan duk abin da aka sauka sai an hau shi a dawowa. Ɗan jagora yakan bi da baƙi ta gonakin kanumfari da koko da gahawa, kuma a lokacin girbi za ku ga an baza kanumfarin a kan tabarmi a bakin hanya yana shan rana, ƙamshinsa ya cika ko'ina. Sai dai rabon ƙauye a wannan tafiya kaɗan ne, domin hanya da hawa sun cinye yinin.

Magangarar Tukad Cepung kuwa tana yankin Bangli, tafiyar kusan sa'a guda. Akwai matakala, amma ba su kai na Sekumpul ba, kuma ana shiga ne ta cikin ruwa marar zurfi tsakanin bangayen dutse har a iske ruwan yana zubowa cikin wani wuri kamar kogo. Kyawunta da hantsi ne, lokacin da hasken rana ke ratsowa ta sama, kuma a lokacin ne jama'a ke layin ɗaukar hoto.

Abin da ya fifita wannan zaɓi shi ne Penglipuran, ƙauyen da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin fitattun ƙauyuka a 2023. Titi ɗaya ne shimfiɗe da dutse, ba mota ba babur, ƙofofin gidaje iri ɗaya suna fuskantar juna, dajin gora yana bayansa. Masu gida sukan bar baƙo ya shiga tsakar gida ya ga tsohon madafi da aka yi da gora. Al'adarsu ta hana ƙara aure, har sun keɓe wani fili da suke kira Karang Memadu domin duk wanda ya yi wa matarsa kishiya ya koma can. Sai ku ba Alhaji labari idan kun dawo.

Akwai abin da ya kamata ku tantance tun kafin ku biya kuɗi. Yawancin mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne, kuma wasu abubuwan da ake tallatawa da sunan al'ada ibada ce a wurinsu, kamar saƙa canang sari, ɗan faifan ganyen kwakwa da ake zuba furanni a kunna turare, da wankan tsarki da suke kira melukat. Kuna iya kallo cikin mutunci ku nemi a musanya muku da koyon girki ko zagayen gonakin shinkafa. Ku kuma faɗi tun farko cewa abincin halal kuke so, domin gasasshen alade sananne ne a can.

Da ku kaɗai ne, kuma da ranin Bali, tsakanin Afrilu da Oktoba, da na ce Sekumpul, har ma ku nemi a biya da ku Pegayaman, tsohon ƙauyen Musulmi da ke Buleleng ɗin. Amma tunda akwai Inna, ku ɗauki tafiyar Bangli, ku isa Tukad Cepung da sassafe. Idan gwiwa ta ƙi, ta zauna a rumfunan da ke sama ta jira ku, ta adana ƙarfinta domin Penglipuran.