Zagayen tsohuwar ganuwar Southampton: ya ci kuɗinsa, amma da saura

Ranar Asabar ana yayyafi na biya fam 10 na bi wani dattijo mai zagayawa da baƙi a tsohon garin Southampton. Mu tara ne. Abin da ya kai ni ɗaya ne: ina son ganin yadda sarakunan Ingila na da ke riƙe wuyan jiragen fatake baƙi.

Inda dattijon ya burge ni shi ne rumbun ƙarƙashin tsohuwar fadar sarki. Ya zaro mabuɗi daga aljihun kwat ya buɗe, sanyi da warin danshi suka tare mu. Nan ake tara giyar inabin sarki, kuma wata daga cikinta ba a kasuwa ya saye ta ba. Duk jirgin da ya iso da manyan ganguna 20 ko fiye, ma'aikacin sarki zai hau ya ɗauki biyu, ɗaya daga gaban turken tsakiyar jirgi, ɗaya daga bayansa, a ba mai kaya ɗan abin da bai kai farashi ba. Sai a 1303 Sarki Edward na Ɗaya ya yi yarjejeniya da baƙin fatake: ya daina ɗibar musu ganguna, ya ba su kariya, su kuma su biya sule 2 kan kowace ganga, da kwabo 3 a kowane fam na sauran haja. Ulu kuwa tun 1275 kuɗin fitonsa sule 6 da kwabo 8 ne kowane buhu, baƙo kuma aka ɗora masa ƙarin kwabo 40. Ya faɗi lissafin nan da ka, bai leƙa takarda ba.

Na tambaye shi ko baƙo na iya ɗaga anga ya sulale cikin dare. Ya yi murmushi ya kwatanta hatimin kwastan da tafin hannayensa biyu: rabi da rabi ne, kowane a hannun mutum daban, sai an haɗa su a kan takarda ulu zai fita. In kuma yaƙi da Faransa ya taso, sarki na iya tsare jiragen da ke tasha, har na baƙi, ya cika su da sojoji da dawaki. Ta ƙofar yamma da muka bi wasu daga rundunar Sarki Henry na Biyar suka fita a 1415.

Ga ƙorafina. Gidan awo da ke titin French Street, inda sikelin sarki yake, da yatsa kawai ya nuna mana muka wuce. Haka dokar 1439 da ta tilasta wa baƙon ɗan kasuwa sauka a gidan ɗan gari mai rubuta duk cinikinsa, a jimla guda ya gama da ita, don wasu mata biyu sun matsa sai an yi hirar Titanic, jirgin ruwan nan da ya tashi daga Southampton ya nutse. Kusan minti 20 suka tafi a nan, ni kuwa ina ta cizon yatsa.

In za ka je, sa takalmi mai ƙwari, matakalar ganuwar na da santsi. Ka kuma roƙe shi ya tsaya a bakunan da aka gina bayan harin Faransawa da mutanen Genoa ta Italiya na 1338, inda aka toshe ƙofofin gidajen fatake masu kallon teku. Har yanzu ana ganin shatinsu a jikin dutse.