Kayan Giyar Keken Tsere: Wane Mataki Ya Dace da Mai Sayen Farko a Karkara?

Matashin da ya tashi a Ringim ko Gaya yana tuƙa keken Phoenix marar giya, ranar da ya tara kuɗinsa ya shiga Kano neman keken tsere, abin da zai fara ruɗa shi shi ne sunayen da mai sayarwa zai riƙa jero masa: wannan Claris ne, wancan Tiagra, na can kuma 105. Waɗannan ba sunayen kekuna ba ne. Sunaye ne na matakan kayan giya da birki, wato hannayen canza giya da ke haɗe da hannun birki, da ƙarafa biyu masu ture sarƙa a gaba da baya, da farantai masu haƙora na wajen feda, da jerin ƙananan farantan tayar baya, da sarƙa, da birkin kansa. Kekuna biyu masu jiki iri ɗaya sukan yi nisa da juna a farashi saboda waɗannan kaya kawai.

Mafi yawan abin da za a tarar na kamfanin Shimano ne na ƙasar Japan, wanda aka kafa a 1921. Matakinsa na ƙasa shi ne Tourney mai farantai 7 a baya, sai Claris mai 8, Sora mai 9, Tiagra da aka saba gani da 10, sannan 105 wanda ya daɗe da 11 kafin a fito da mai 12 a shekarar 2022. Ultegra da Dura-Ace na masu gasa ne. Akwai kuma SRAM na Amurka da Campagnolo na Italiya, amma hannayen giyarsu ba sa aiki da ƙarafan Shimano, don haka mai sayen farko ya bar su tukuna.

Abin da hawa mataki yake ƙara wa mutum shi ne rashin nauyi, da laushin canji, da ƙanƙancin tazara tsakanin giya da giya. Ba ya ƙara gudu, ko da mai sayarwa ya rantse. Keke mai Claris da keke mai 105 sau da yawa babban farantinsu na gaba haƙora 50 ne, ƙaramin na baya kuma 11, saboda haka giyarsu ta ƙarshe ɗaya ce, sauran aikin na cinya ne da numfashi. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Gumel zuwa Haɗeja babu hawan da zai sa a nemi giya 24, wato farantai 12 a baya sau 2 a gaba. Abin da ke gajiyar da mai keke a nan shi ne iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, kuma farantai 8 a baya da 2 a gaba sun isa a yi fama da ita.

Inda maganar take da nauyi shi ne ƙura da gyara. Duk lokacin da aka ƙara faranti a baya, sai an matse tazarar da ke tsakaninsu, an kuma sirance sarƙar, wanda ke nufin cewa ɗan kuskure a ɗaurin wayar da ke jan giya, ko ɗan lanƙwasar ƙarfen baya bayan keke ya faɗi a jikin bango, ya isa ya sa giya ta riƙa tsalle. Mai farantai 8 yana da haƙuri da irin wannan. Sarƙarsa ita ce dai ta masu farantai 6 da 7, irin wadda ake sa wa kekunan giya na yau da kullum, don haka mai gyaran keke na bakin kasuwa zai iya samo ta, ya kuma daidaita giyar da sukundireba. Sarƙar mai 11 kuwa sai an aika birni, ta fi tsada, kuma rairayin da ya cakuɗu da mai yana cin ta kamar yadda yake cin mai araha. A nan ne nake ganin masu zuba baƙin mai a sarƙa suna cutar kansu, domin yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗan mai marar kauri da tsumman gogewa sun fi.

Tiagra yana da wani tarko da ya kamata a sani. Samfurinsa mai lamba 4700 yana jan waya da ma'auni dabam da na tsofaffin masu farantai 10, saboda haka idan ƙarfen bayansa ya karye, ba kowane mai 10 ne zai maye gurbinsa ba. Claris da Sora ba su da wannan matsala a tsakaninsu.

Haka batun birki yake. Manyan matakai yanzu suna zuwa da birkin faifai mai aiki da ruwan mai, wanda yake kamawa sosai, sai dai na Shimano man ma'adinai yake sha, kuma idan aka zuba masa man birkin mota robobin cikinsa za su lalace. Birki mai waya, ko na faifai ko mai matse gefen wili, kowa ya iya gyara shi. Giya mai batir da ake kira Di2 ma tana da daɗin aiki, amma wanda cajin wayarsa ma sai ya kai shago bai kamata ya ƙara wa kansa wani abin caji ba.

Da yake da yawa keken gwanjo za su saya, sunan da ke rubuce a jiki bai isa shaida ba. Akan ɗaura ƙarfen baya na 105 a kan keken da sauran kayansa na ƙasa ne, domin shi ido ke fara gani. A ƙirga farantan baya da yatsa, a karanta sunan da ke kan hannun giya, tunda shi ne mafi tsada a cikin kayan kuma ba kasafai yake gyaruwa ba idan cikinsa ya karye. A duba haƙoran farantai: idan sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, sun cinye. A ja sarƙa daga gaban babban faranti. Idan ta ɗago har haƙori ya bayyana, ta miƙe. Sannan a hau keken a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. Sora mai lafiya ya fi 105 da ya gaji, domin sabunta sarƙa da farantan 105 zai iya cinye duk rangwamen da aka samu.

A ganina Claris ne ya fi dacewa da mai farawa a karkarar Kano da Jigawa, Sora kuma ga wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi kuma yana yawan shiga birni. Tourney zai yi aiki, sai dai maɓallinsa na canza giya da babban yatsa yana da wuyar kaiwa idan an riƙe ƙasan kan keken. Kuɗin da ya rage a fara tabbatar da cewa girman keken ya dace da tsayin mai shi, a sa taya mai faɗin milimita 28, ko 32 idan jikin keken zai ɗauka, saboda ramuka da tsidau, a sayi hular kwano da tub guda biyu na ajiya, da famfon da bakinsa ya dace da siririn bawul ɗin keken tsere, domin famfon mai faci na ƙauye sau da yawa ba ya kama shi.